Jinyar Iyaye: A Daina Barin Ta a Wuyan Mutum Ɗaya

Jama'a, ku zo mu yi magana a kan ɗakin nan na ƙuryar gida, wanda ake shiga da sallama a fito da sauri. Da wuya ka bi layi guda a Kano, Katsina, Zariya, Sakkwato, Maraɗi ko Damagaram ba ka samu irinsa ba. A ciki akwai dattijon da hawan jini ya kayar, ɓarin jikinsa ya shanye, ko tsohuwar da ta zame a banɗaki ƙugunta ya karye, tun ranar ba ta sake taka ƙasa ba. A gefen katifar kuma akwai mutum ɗaya, kusan kullum mace, wadda ita ce hannun mai kwanciyar, ita ce ƙafarsa. Mukan shiga mu ce, "Ya mai jiki?" Ta ce, "Da sauƙi." Mu ce, "Sannu da jinya, Allah ya ba da lada," mu ajiye ledar lemo da ayaba mu kama hanya. Ba kasafai wani ke tambayar ta yaushe rabonta da barcin dare cikakke ba.

Mu Hausawa muna da abin tinƙaho. Mukan ce mu ba ma kai iyayenmu gidan gajiyayyu kamar yadda ake yi a Ingila da Amurka. Namu a gabanmu suke tsufa, a hannunmu suke cikawa. Gaskiya ne, Allah kuma ya bar mu a kan haka. Amma a tsaya a duba hannun wa ake nufi. Gida mai 'ya'ya goma sha, jikoki kuwa ba a ƙirga su, in ka bi diddigi sai ka tarar 'ya ɗaya ce ke jinyar, galibi wadda aurenta ya mutu ta dawo gida. Ko matar ɗan da bai samu halin barin gidan gado ba. Ko wata jika da aka cire daga makaranta "kafin jikin Hajiya ya yi sauƙi", har 'yan ajinsu suka gama ba ta koma ba. Sauran dangi kuwa suna karɓar yabon unguwa, ana cewa gidan wane akwai zumunci. A kan wannan rashin adalcin nake kira, domin tsohon da aka bar wa mai jinya ɗaya tilo, da shi da ita duk an yashe su.

Ku bi ta yini ɗaya ku gani. Kafin kiran assalatu ta tashi, domin shimfiɗa ta jiƙe. Ta hura wuta ta ɗora ruwa, ta ciccibi babban mutum da ƙarfin ƙugunta, ta goge shi, ta canja zani da leda, ta shafa masa mai. Ta dama kunu ta riƙa bayarwa cokali-cokali, a hankali, domin mai shanyewar ɓarin jiki ƙwarewa ba ta yi masa wuya, abin da ya bi ta maƙogwaro ya sauka huhu kuwa yana iya zama ajali. Sai magani, wannan kafin abinci, wancan bayan abinci. Sai wanki, a garin da ake sayen ruwa jarka-jarka a hannun 'yan garuwa. Sai juyi: wanda ba ya iya motsa kansa ana juya shi kamar duk bayan awa biyu, dare da rana, in ba haka ba fatar ƙugu da ta duga-dugai ta mutu, ta zama gyambo mai wuyar warkewa. A tsakanin haka akwai nata 'ya'yan, da girkin gida, da miji mai jiran nasa haƙƙin. Ƙosan da take soyawa ko keken ɗinkin da take taɓawa ta samu na sabulu, an daɗe da jingine su. Biki da suna sai dai ta ji labari. Bayanta ya riƙe, idonta ya faɗa. Ranar da gajiya ta ci ƙarfinta ta ɗaga murya sau ɗaya, to wannan ɗayar ce za ta zaga dangi har Legas kafin magariba.

Ba a nan kaɗai abin yake ba. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya nuna mata ke yin sama da kashi uku cikin huɗu na hidimar iyali da ba a biya a faɗin duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce kashi 70 cikin 100 na awannin da ake ɓatarwa wajen kula da masu gigin tsufa, mata ke bayarwa. Wasu ƙasashen sun fara ƙirga wannan a cikin aiki. Mu kuwa in aka tambayi sana'ar mai jinya, sai a ce ba ta yin komai.

Wani zai ce ai kakanninmu ma sun yi jinya, ba wanda ya ji kukansu. To kakanninmu a gandu suke. Uba da 'ya'yansa maza gona ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya ake ɗiba, sassan gida a jere, matan 'ya'ya da jikoki suna kai-kawo a tsakar gida guda. In tsoho ya kwanta, masu ɗaga shi sun fi goma, ba kuma wanda sai ya hau mota kafin ya iso. Yau babban ɗa yana Abuja, mai bi masa yana Fatakwal, wani ya tafi ci-rani Legas ya zarce, wani yana Agadas ko Libiya. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka a Zamfara da Katsina da Sakkwato, an kwaso tsofaffi daga gidajen da suka gina da hannunsu an zube su a ɗakin hayar wani ɗa a birni, wasu ma sun tsallaka jihar Maraɗi. Cututtukan su ma sun canja kama. Hawan jini da ciwon suga da ciwon ƙoda ba sa ɗauke mutum cikin mako guda, kwantar da shi suke yi shekara da shekaru. Ga kuma kuɗi. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, naira kuma ta faɗi, farashin magani ya yi tashin gwauron zabi. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, a cikinsa za a ci, a biya haya, a sayi maganin Baba da famfas ɗin manya. Manomi da tela da ɗan dako da mai koko kuwa ba su san wani abu wai shi fansho ba, 'ya'yansu suka dogara da su bayan Allah. 'Yan Najeriya da suka kai shekara 60 sun haura miliyan 10, ƙaruwa kuma suke yi. Nauyin ya ninka, masu ɗauka sun ragu, mu kuma muna nan muna tafiya da tsarin da.

Da maza zan fara, domin a wurinmu gyaran ya fi yawa. Duk mun san cewa a Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24, Allah ya haɗa bauta masa da kyautata wa iyaye, ya ambaci lokacin da tsufa ya riske su a wurinka, ya hana ko da nuna ƙosawa. Ku lura da wanda ake yi wa maganar: ɗan da aka haifa ne. Mun ji hadisin mutumin da ya zo neman izinin fita jihadi, Annabi (SAW) ya tambaye shi ko iyayensa na raye, ya mayar da shi gare su. Mun ji labarin Uwaisul Ƙarni na ƙasar Yaman, wanda biyayyar mahaifiyarsa ta ɗaukaka shi har Sayyidina Umar ya nemi ya roƙa masa gafara. Uwaisu fa namiji ne. Risalar Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu ta sa ciyar da iyaye matalauta cikin abin da ya wajaba a kan mutum. To a ina muka samo wannan tsarin na cewa aikin ɗa namiji shi ne ya leƙa da safe ya ce, "Baba, an tashi lafiya?" ya ajiye dubu biyu ya fice, sai kuma gobe in Allah ya kai mu?

Ku dubi kuma abin da muke jawo wa iyayen kansu. A al'adarmu matar ɗa ko sunan surukinta ba ta faɗa, in ta hango shi durƙusawa take yi. Mutumin da ta shekara ashirin tana jin nauyinsa, shi aka bar mata ta tuɓe wa riga, ta kai wa fo. Kuna tsammanin shi Baban daɗi yake ji? Akwai dattijon da ke rage cin abinci da shan ruwa da gangan, don kawai kada ya buƙaci a kai shi bayi. Wankan uba da tsarkinsa aikin ɗansa namiji ne. Ka naɗe hannun riga, ka sa safar hannu, ka koya. Ranar farko za ka ji nauyi, shi ma zai ji. Bayan mako guda kuna yi kuna hira. Malamai sun sha faɗa cewa hidimar iyayen miji ba wajibi ba ce a kan mace, alheri take yi, kuma wanda aka yi wa alheri ba ya karɓarsa da tsawa. In matarka ta ɗauki jinyar mahaifiyarka, ka sani kullum garin Allah ya waye bashi take ɗora maka. Kai kuma da ka auro 'yar mutane, ranar da mahaifiyarta ta kwanta ta ce za ta je ta yi kwana biyu, kada ka tsaya lissafin wa zai tuƙa maka tuwo. Ka biya mata kuɗin mota, ka haɗa ta da abin da za ta riƙe a hannu.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk gidan da ke da tsoho a kwance, a kira taron 'ya'ya, 'yan ɗaki ɗaya da 'yan uba, maza da mata. Ai mun iya wannan in biki ne. Cikin kwana uku ake fitar da anko, a buɗe zaure a WhatsApp, a yanka wa kowa kuɗinsa, a riƙa bin wanda bai biya ba har sai kunya ta kama shi. To a yi wa jinya irin haka. A zauna da takarda da biro a rubuta abin da ake kashewa a wata: magani, gwajin asibiti, famfas, sabulu, ruwa, kuɗin adaidaita. A raba gwargwadon ƙarfin kowa, a sa ranar biya, a daina "in an samu za a turo". A raba kwana: wane daren Asabar, wance Litinin da Talata. Wanda yake nesa ya kawo wani yanki na hutunsa na shekara ya zauna a gida, mai jinya ta tafi ɗakin 'yar uwarta ta yi barci ba mai tashinta. A cikin kuɗin kuma a ware na mai jinyar kanta, a damƙa mata a hannu, daban da na cefane. In ta ce a bari, ita don Allah take yi, a ce mata mu ma don Allah muka bayar. In jika ce aka tsayar, a mayar da ita makaranta, manya su san yadda za su yi. Kai kuma Yaya da ke zuwa da ƙaramar sallah da babba, ka shigo da babbar riga ka ga Inna ta rame ka hau faɗa, "Wai me kuke ba ta ne a gidan nan?", ka yi haƙuri ka kwana uku a ɗakin tukuna, sannan ka yi tambayar.

Akwai maganar da ake jin nauyin faɗa, ni zan faɗe ta. Ranar rabon gado ba wanda hanya take yi wa nisa. Kason kowa kuma Allah ya riga ya yanka. Alƙali ba zai ƙara wa 'yar da ta ƙare ƙuruciyarta a wankin zani ko sisi ba saboda jinya, ba a kuma yi wa magaji wasiyya sai da yardar sauran magada. Matar ɗa ma ba ta cikin magadan. Saboda haka duk mai son a saka wa mai jinya, yanzu ne lokacin. Tsoho mai hankalinsa yana da ikon biyan ta ladan aiki daga dukiyarsa, 'yan uwa kuma suna iya haɗa mata jari tun yana raye. A tambayi malamin da ya san fiƙihu, a yi a gaban shaidu. Haka nan dukiyar tsoho tasa ce har ya bar duniya. Ɗan da ya riƙe katin bankin mahaifinsa yana zarar fanshonsa, ko ya sayar da gona da sunan magani alhali ba a ga maganin ba, sata yake yi, ko da shi ne babba a gidan.

Shi mai jikin kuma a riƙa tambayarsa abin da yake so. Sau nawa ake ɗauko tsohuwa daga garinsu, inda take da ƙawaye da kaji da maƙwabtan shekara hamsin, a kai ta bene a Abuja, ga fanka ga talabijin, amma daga safe har dare ba mai ce mata ci kanki? Bayan wata biyu ta fara roƙon a mayar da ita gida, a ce rigimar tsufa ce. Kaɗaici yana cinye tsoho. A fito da Malam zaure ya sha iska, sauran abokansa su zauna da shi. A kunna masa rediyo. A tura jikoki su ci abinci a ɗakin Kaka, ta tsokani "mijinta" da "kishiyarta" kamar yadda aka saba. A nemi shawararsa a kan auren jika da sayar da amfanin gona. In akwai keken guragu, a tura shi masallacin Juma'a ya ga jama'a, jama'a su gan shi.

Jinya kuma tana son ilimi, domin yawancin kwanciyar nan ana iya kauce mata tun farko. Maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi. Wannan dainawar ita ke kayar da iyayenmu da yawa. In aka ga baki ya karkace, ko hannu ya yi nauyi, ko magana ta harɗe farat ɗaya, a nufi asibiti a lokacin, kada a ce bari a ga zuwa safe, kada kuma a ɗura masa komai a baki. Bayan an sallamo shi a dage da zuwa wurin likitocin gashin ƙashi, su kuma koya wa 'yan gida motsa gaɓɓai, don kada su sandare. Tayil ɗin da muke shimfiɗawa a banɗaki don ado, in ya jiƙe tarko ne ga tsoho. A sa ƙarfen dafawa a bango, a bar fitila ko tocila a hanyar bayi, a sa kafinta ya yi kujera mai rami da bokiti a ƙasa, domin gwiwar ɗan shekara tamanin ba ta tsugunno ba ce. Tsofaffi nawa ke zaune cikin duhu ana cewa idon tsufa ne, alhali yana ce kawai, wadda ake cirewa da ɗan gajeren aiki a asibitin ido na ECWA ko na Makka da ke Kano, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna? A kai su can, a raba su da masu soke ido na gargajiya. Da bazara a riƙa miƙa musu ruwa ko ba su nema ba, don tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro. In azumi ya zo, a samu malamin da Baba yake jin maganarsa ya tuna masa cewa shari'a ta ɗauke wa wanda ba zai iya ba, ta kuma ba shi damar taimama da salla a zaune ko a kwance. Daga bakin 'ya'yansa ba zai karɓa ba.

Inda zuciyata ta fi ƙuna shi ne gigin tsufa. Tsohuwa ta mance inda ta ajiye kuɗinta, ta ce matar ɗanta ta sace. Ta gama cin abinci, baƙi su shigo ta ce tun jiya ba a ba ta komai ba. Ta ɗaure ƙunshin kayanta da tsakar dare ta ce za ta gidansu, gidan da aka rushe tun kafin a haifi jikokinta. Ta riƙa hira da mijinta da ya daɗe a ƙasa. Wata takan tuɓe, wata takan yi ashar, ita da ba a taɓa jin muryarta a waje ba. Aure nawa wannan ya kashe, saboda ɗa ya gaskata zargin sata? Mafi muni, in ta fita ta ɓata aka tsince ta a wata unguwa da asuba, ba kallabi, tana sambatu, sai yara su biyo ta da jifa ana ihun mayya. In aka matsa mata da tambaya ta amsa abin da ba ta san ma'anarsa ba, a ce ai ga shi ta faɗa da bakinta. Jama'a, mu ji tsoron Allah! Wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ƙwayoyinta ke lalacewa sannu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi irin namu. Cutar Alzaima ce ta fi kawo shi, hawan jini da toshewar jijiyoyin ƙwaƙwalwa su ma suna jawo wani nau'insa.

Mai wannan ciwon ba a musu da ita. In ta ce an sace kuɗinta, a ce, "To Iya, zo mu duba tare." In ta ce za ta gida, a zauna a tambaye ta labarin gidan har hankalinta ya koma wani wuri. A ɗinke mata takarda mai sunan unguwa da lambar waya a jikin zani, a sanar da maƙwabta da masu shagunan layi halin da take ciki don su riƙa tare ta. A kulle ƙofar waje da dare, amma kada a ɗaure ta, kada a rufe ta a ɗaki ita kaɗai. A yi addu'a, a kuma je asibiti: akwai na ƙwaƙwalwa a Dawanau da Barnawa da Kware, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Har yanzu ba a samo maganin da ke warkar da shi ba, amma ana rage firgici da rashin barci. In kuwa ruɗewar ta zo ne cikin kwana ɗaya ko biyu, to a gaggauta, domin sau da yawa ciwon fitsari ne, ko zazzaɓi, ko suga ya hau ko ya faɗi, kuma wannan yana warkewa. Mu faɗa wa kanmu gaskiya: akwai tsofaffin da ake mintsina, ake yi wa tsawa, ake bari cikin fitsari, kuma sau da yawa mai yin haka ba muguwa ba ce, mutum ce da aka bari ita kaɗai har haƙurinta ya ƙare. Laifinta yana nan, amma waɗanda suka bar ta suna da kaso.

Maƙwabta, ku ma da ku. Matan Islamiyya da ke zuwa dubiya ayari guda, su cika ɗaki, mai jinya ta tashi kawo musu ruwa, da za su rabu biyu-biyu, kowace rana wasu su zo su riƙe mata awa biyu ta je ta yi wanka ta runtsa, da ladan ya fi yawa. Samarin majalisa su san gidajen da ake buƙatar mai ɗaga mara lafiya zuwa mota. Kwamitin masallaci da na coci su sayi keken guragu biyu ko uku da gadon asibiti, a riƙa ba da aro ana dawowa da su. Limamai da fastoci, huɗuba a kan biyayyar iyaye mun ji ta, a ƙara mana da ta haƙƙin mai jinya. Nas ɗin da ta yi ritaya a layinku, ku roƙe ta ta koya wa matan unguwa juyi da wankin gyambo da kula da robar fitsari. Mai unguwa kuma ya san tsofaffin da ba su da kowa, wadda Allah bai ba haihuwa ba da wanda 'ya'yansa suka riga shi, ya kai sunayensu Hukumar Zakka da Hubusi a Kano, ko ta Zakka da Waƙafi a Sakkwato, ko takwarorinsu na sauran jihohi, ya kuma koma ya bi sawu.

Hukuma ba za ta ce ba ta san da maganar ba. An sa hannu a dokar Cibiyar Dattawa ta Ƙasa a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, shekarar da aka amince da manufar ƙasa a kan tsufa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusun masu rauni, tsofaffi na cikinsu. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya na matakin farko. Ibadan na da cibiyar kula da lafiyar tsofaffi tun 2012. Jihar Ekiti ta taɓa biyan tsofaffi matalauta naira 5,000 duk wata tun daga 2011. Takardu sun isa haka. Abin da muke so mu gani shi ne maganin hawan jini da na suga a asibitin sha-ka-tafi na unguwa, da sunan iyayenmu a rajistar inshorar jiha, da ma'aikacin lafiya da zai shigo gida ya auna jinin wanda ba ya iya fita. Kada a ce ba zai yiwu ba. Mun ga yadda aka bi gida-gida, lungu-lungu, da rigakafin shan-inna har aka tabbatar da kawar da nau'inta na asali a 2020. Ƙofofin da aka ƙwanƙwasa saboda jikoki, a dawo a ƙwanƙwasa su saboda kakanni. Ɗan majalisa da kansila in sun zo neman ƙuri'a, a ajiye maganar atamfa da taliya, a yi musu wannan tambayar.

Ke kuma mai jinya, 'yar uwa, cewa "na gaji" ba saɓo ba ne, ba kuma ya rage miki lada. Ki daina amsa "ba komai" alhali da komai. Ki faɗi abin da kike buƙata da sunansa, ki faɗi ranar da kike son a karɓe ki. Ki auna naki jinin, ki ci abinci a kan lokaci, domin in kika faɗi ba a san wanda zai ɗaga ku ku biyun ba. Kai kuma mai karatu, in mahaifinka ko mahaifiyarka ko gwaggonka na kwance a hannun wani, ka kira 'yan uwanka kafin Juma'ar nan. Ka fara ambata daren da kai za ka kwana da abin da za ka riƙa bayarwa duk wata, sannan ka tambayi nasu.